Nawa Tsohon Kwale-kwale Zai Yi?

Mutumin Ƙofar Kwaya a Katsina ba baƙon kayan hannu ba ne. Ka nuna masa tsohon babur, zai tayar da shi, ya saurari kukan injin, ya dubi hayaƙin, ya faɗa maka kuɗinsa, kuma da wuya ya yi nisa da abin da za a sallama. Amma ka tambaye shi nawa tsohon kwale-kwalen katako zai yi, sai ya ce maka wannan kam sai 'yan bakin kogi. Yana da uzuri, Katsina ba garin kogi ba ce. Sai dai tambayar ba ta yi mana nisan da muke zato ba. Titin da ya fita daga wannan ƙofa ya nufi Dutsin-Ma shi ne hanyar madatsar ruwan Zobe, wadda aka gina a kan kogin Karaduwa aka kammala a 1983. Ga ta Jibiya, ga ta Ajiwa, kuma duk inda ruwa ya kwanta za ka tarar da masunta da 'yan fito, kowa da jirginsa ɗaure a gaɓa.

Tambayar takan shigo birni ba tare da sallama ba. Magidanci ya rasu ya bar jirgi da koma, malamin da ke rabon gado yana son a yi wa kowane abu kuɗi kafin a fitar da tumunin takaba. Dillalin kifi ya ba masunci jari, bashi ya ƙi biyuwa, aka ce ya karɓi jirgin a maimakon kuɗinsa. Saurayi ya tara 'yan kuɗi yana son shiga fito, ƙarfinsa bai kai sabo ba. Duk waɗannan suna buƙatar ƙiyasi, kuma yawanci abin da suke samu shi ne shaci-faɗi. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, mai sayen tsohon jirgi damunan da suka rage masa yake biya, kuma akwai ranar da jirgi yake kaiwa inda bai cancanci ko sisi ba a matsayin abin ɗaukar mutane, ko da kuwa akwai mai tayawa. Kasuwarmu ta iya lissafin farko daidai gwargwado. Na biyun ne ta kasa, kuma rayuka ake biya.

Kafin a yi maganar kuɗi sai an san wane irin jirgi ne, domin iri biyu ne manya kuma tsufansu ba ɗaya ba ne. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda masassaƙi ya rarake gungumen itace guda da gatari da gizago. Akwai kuma na kafinta, wanda aka jera alluna aka haɗa da ƙusa da 'yan ƙarafa, aka cusa auduga ko tsumma a tsakaninsu aka bi da kwalta. Irin na biyun ne ya cika bakin ruwan Yawuri da tafkin Kainji da Baga, shi ne kuma ake ɗaura wa inji. Na kafinta yana karɓar gyara: allo ya ruɓe a cire a sa wani, har ka ga jirgin da babu allon asali ko ɗaya a cikinsa amma ana kiransa da sunan mai shi na farko. Sassaƙaƙƙe kuwa jiki ɗaya ne. Muddin yana lafiya ya fi ƙarko, ba shi da haɗin da zai yi yoyo. Amma ran da ya tsage a tsaye, bin jijiyar itacen, to faci kawai za a yi ta yi da langa-langa da kwalta, kuma tsagar ba ta komawa baya. Saboda haka sassaƙaƙƙe mai lafiya yakan riƙe kuɗinsa shekara da shekaru, sannan ya faɗi lokaci guda. Na kafinta a hankali yake sauka, gyara yana ɗan ɗaga shi, ya sake sauka.

Jirgi mai tafiya da iska, wanda ake kafa wa sanda a ɗaura zane, bai yi yawa a ruwayenmu ba, kuma da dalili. Kogunanmu suna da gudu, suna da kwana, suna da tsibiran yashi masu sauya wuri kowace shekara, sai gwangwala da filafili suka fi amfani. Inda ruwa ya buɗe ne zane yake da aiki. A Mopti da tafkin Debo na ƙasar Mali za ka ga manyan jirage sun ɗaga zanen da aka ɗinka da buhunan hatsi, haka a tafkin Volta na Gana da kuma ruwan Legas. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, da suka isa Sawakin a irin waɗannan jiragen katako masu zane suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. A 1851 ma Bajamushe Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, ya zagaya tafkin Chadi a jirgin katako da aka yanka gunduwa-gunduwa aka ɗoro wa raƙuma aka ratso Sahara da shi. Idan jirgi mai zane ne ake ciniki, ƙa'idar ita ce a yi wa gangar jikin kuɗi daban, a yi wa kayan iskar daban: sandar, zanen, igiyoyin, da allon baya da ake juya jirgi da shi. Waɗannan su suka fi saurin ɓacewa, kuma mai sayarwa yakan ce suna gida. Abin da ba a gani a bakin ruwa ba, kada a biya shi.

Yanzu ga wurin da ake cin riba ko a tafka asara, wato dubawa. Kuskuren baƙo shi ne ya tsaya a gaɓa yana kallon jirgi a kan ruwa, ya ga fenti, ya ga an rubuta addu'a a gefe, ransa ya kwanta. Wanda ya san abin sai ya sa a jawo jirgin tudu a kifa shi. Ba wurin da ke nutse kullum ne ya fi ruɓewa ba, domin abin da ke cin itace yana buƙatar iska da danshi tare. Wurin haɗari shi ne layin da ruwa yake tsayawa, inda ake jiƙewa ana bushewa, sai kusurwoyin ciki inda ruwan sama da ɓawon kifi da laka suke taruwa, sai ƙarƙashin katakan da aka gitta don zama, sai bayan jirgi inda nauyin inji da girgizarsa suke aiki. Mai dubawa yakan bi waɗannan wurare da ƙotar wuƙa yana ƙwanƙwasawa. Itace mai lafiya amsawa yake yi da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, muryar ta mutu. Inda ya ji haka sai ya juya wuƙar ya soka tsininta. In ta tsaya, madalla. In ta shige ba gardama ta fito da ɓurɓushi baƙi mai warin ruma, wannan allon ya gama aiki ko da samansa yana sheƙi.

Daga nan sai ƙusoshi. Ƙusar ƙarfe a cikin jiƙaƙƙen itace tana tsatsa, tsatsar kuma tana cin itacen da ke kewaye da ita, sai ka ga baƙin zobe a kan kowace. Jirgi yana iya zama allunansa duk lafiya amma abin da ya riƙe su ya ƙare, irin wannan ne yake buɗewa rana ɗaya a tsakiyar ruwa idan an yi masa lodi igiyar ruwa ta ɗaga shi. Mai saye ya roƙi a zare masa ƙusa biyu ko uku daga wurare daban-daban. In suka fito da kaurinsu, to. In suka fito sun sirance a tsakiya, sai a sa kuɗin sake ƙushe jirgin gaba ɗaya a lissafi. Sannan ya koma can gaban jirgin ya durƙusa, ya runtse ido ɗaya ya bi layin cikinsa da kallo har baya. Jirgin da ya sha lodi yakan sunkuya, kai da gindi su sauka tsakiya ta ɗaga, ko ya murɗe gefe guda. Wannan ba ya gyaruwa da kwalta.

Sabuwar kwalta mai kauri a jikin tsohon jirgi ranar ciniki abin tambaya ce. Ba kowane mai ita ne maha'inci ba, wani gyara ya yi tsakani da Allah. Amma tambayar dole ce, kuma akwai yadda ake yin ta ba tare da an ci mutuncin dattijo ba.

"Baba, wannan wurin da aka shafe, me ya same shi?"

"Kututture ya buga bara, ɗana. Na sa an sake allo biyu."

"To Baba, in ba damuwa, a ɗan kankare nan in ga haɗin."

Wanda ya yi gyaran gaskiya da kansa zai miƙo wuƙa. Wanda ya fara rantsuwa yana cewa ai ba a taɓa sabuwar kwalta, ya riga ya ba da amsa.

Batun yoyo yana da sarƙaƙiya, kuma nan ne ake cutar mai sayarwa shi ma. Jirgin da ya yi wata biyu a tudu cikin hunturu allunansa sun tsuke, haɗinsa ya buɗe, kana iya hango haske ta tsakani. Ka tura shi ruwa zai sha kamar ba zai tashi ba, mai wayo kuma sai ya nuna wannan ya karya masa kuɗi, musamman in magada ne da ba su san sana'ar ba. Alhali in aka bar shi a ruwa kwana kaɗan itacen zai kumbura ya rufe da kansa. Gwajin adalci shi ne a jiƙa shi ya ƙoshi, a kwarfe ruwan tas da yamma, a dawo da asuba a ga abin da ya taru. Sannan a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a sake dubawa, domin akwai haɗin da ba ya buɗewa sai ya ji nauyi.

Irin itacen ma yana da magana. Maɗaci da kawo da loko suna daɗewa a ruwa, farin katako mai sauƙi irin obeche yana da daɗin aiki da araha amma kwanansa kaɗan ne in ba a kula ba. Manyan itatuwan da ake sassaƙa jirgi guda daga jikinsu kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a arewa. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a 2022 an sanya dangin maɗaci da kawo na Afirka cikin itatuwan da sai da izini ake fitar da su ƙetare, shaidar irin cin da aka yi musu. Ma'anar wannan ga mai ƙiyasi ita ce, babban sassaƙaƙƙen maɗaci mai lafiya ya zama abin da ko da kuɗinka ba lalle ka sami sabonsa ba, don haka ba a yi masa lissafin da ake yi wa na farin katako.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana farawa da abin da kafinta zai karɓa yau ya yi sabo irinsa, tsawo ɗaya, itace ɗaya. Yau na ce, domin a nan magada suka fi saɓani. Wani zai ce marigayi kaza ya saya, don haka tsoho ba zai kai haka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, katako da ƙusa da kwalta da kuɗin mota duk sun tashi, har tsohon jirgi yana iya yin nairorin da suka fi waɗanda aka saye shi da su yana sabo. Wannan ba riba ba ce, naira ce ta rame. A ɗauka, don misali kawai, sabo yana kan 100, kuma irinsa yakan yi damuna 10 in ana kula da shi. Masu dubawa suka ce wannan saura masa 4. Ya zama 40. Gyaran da dole a yi kafin ya shiga ruwa zai ci 12, saura 28. In za a ɗauke shi a mota zuwa wani ruwa, a cire wannan ma. Daga nan sai ciniki, mai saye yana ja ƙasa saboda aibin da ido bai gani ba, mai sayarwa yana ja sama saboda jirgin a shirye yake ba sai an jira kafinta ba. Ana iya gwada amsar ta wata hanya: nawa ake ba da hayar irinsa a rana, kwana nawa yake aiki a shekara, a cikin wata nawa zai mai da kuɗinsa? In hanyoyin biyu suka yi kusa, ƙiyasin ya zauna. Kuma abin da za a tambaya a tashar jirage shi ne nawa aka sallama na wane, domin abin da mai kaya ya fara faɗa buri ne kawai. La'adar dillali kuma a san wanda zai biya tun kafin a tashi.

Inji a ware shi gefe. Sau da yawa injin Yamaha da ke maƙale a baya ya fi gangar jirgin tsada, kuma shi yana da kasuwarsa da makanikansa. A haɗa su a kuɗi ɗaya, sai kyan ɗaya ya rufe munin ɗaya.

Wuri da lokaci suna juya duk wannan lissafi. A Yawuri, inda kafintoci da masu saye suke da yawa, farashi sananne ne, ba mai cutar wani sosai. A bakin madatsar ruwa irin tamu masu saye 'yan kaɗan ne, in ba su so ba jirgi sai ya zauna gara ta same shi. Rashin tsaro ya fi komai karya daraja: bayan harin Baga na Janairun 2015 da hana safarar kifi, jirage da yawa sun ruɓe a gaɓa ba mai tayawa, kuma masuntan Zobe da Jibiya sun san yadda tsoron 'yan bindiga yake hana fita ruwa. A gefe guda, ambaliya tana ɗaga shi sama. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, kwale-kwale ne ya koma motar gari. Mai ƙiyasin gado kada ya ɗauki farashin irin wannan mako ya ce shi ne farashi. Akwai kuma abin da ke tafe: hukumomi suna ta kiran a bar jiragen katako a koma na roba da na ƙarfe wajen ɗaukar fasinja. Ko an aiwatar ko ba a aiwatar ba, wanda zai zuba jarinsa a babban jirgin fito na katako ya kamata ya sa wannan a ransa. Ƙaramin jirgin su bai shiga wannan damuwa ba, tsadar mai ma ta ƙara masa farin jini.

Duk abin da na faɗa zuwa nan kuɗin aiki ne. A wasu ƙasashe akwai kuɗi na biyu, na tarihi, kuma yana da kyau mu ga yadda aka gina shi. A Ingila wani lauya, John MacGregor, ya sa an yi masa ɗan kwale-kwale mai zane ya kira shi Rob Roy, ya zaga kogunan Turai da shi a 1865, littafin da ya rubuta kan tafiyar ya sa abin ya zama wasan masu hali. A Amurka da Kanada aka sami magina da kamfanoni masu suna, irin su J. Henry Rushton na garin Canton a jihar New York, wanda ya rasu a 1906, da kamfanin Old Town a jihar Maine, da na Peterborough a Ontario. Yau akwai masu tara waɗannan jirage, suna da ƙungiya tun 1979. Abin da ya ba kasuwarsu ƙafa shi ne takarda. Old Town sun kasance suna buga lamba a jikin kowane jirgi, suna kuma ajiye kati mai ɗauke da ranar da aka yi shi, irin itacen, launin fenti, da inda aka aika shi. Mutum ya tsinci jirgi a rumbun kakansa, ya karanta lambar, sai a zaro masa katin. A wannan kasuwa abin da muke ɗauka gyara yana iya zama ɓarna: jirgin da aka lulluɓe da roba don ya daina yoyo darajarsa faɗuwa take, wanda ke da sandarsa da allunansa na asali kuwa ya tashi. Duk da haka su ma sun san cewa mafi yawan tsofaffin jirage kuɗin gyaransu ya fi kuɗin sayar da su. Tsufa kaɗai ba ya jawo kuɗi ko a can. Sai an san wanda ya yi, an tabbatar, kuma irinsa ya yi wuya.

Mu kuwa muna da abin da ya fi nasu tsufa nesa ba kusa ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994: kwale-kwale ne sassaƙaƙƙe mai tsawon mita 8.4, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta hana iska isa gare shi ita ta tsare shi. Yana Damaturu yanzu. Irin wannan ba shi da farashi, kuma doka ma ta hana a yi masa: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki kayan sana'ar gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a cinikinsu sai ta hannun hukuma ko wanda ta amince wa, ba a kuma fitar da su waje sai da izini. Tsakanin na Dufuna da jirgin da aka yi bara akwai fili babba da ba mu ajiye komai a cikinsa ba, kuma wannan yana damuna. Bikin kamun kifi na Argungu ya faro a 1934, UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ana tseren jirage a kogin Matan Fada, ana bikin Rigata a Yawuri. Jirgin da ya ci tsere shekara bayan shekara, ko wanda wani shahararren Basarke ya yi rayuwarsa a ciki, ya cancanci a ce gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ko wani mai hali ya saye shi da daraja. Amma ba lamba, ba takarda, ba sunan masassaƙi. Da mai shi ya rasu labarin ya bi shi, sai a yi wa jirgin kuɗin itace. Don haka in wani ya ce maka jirginsa na tarihi ne a ƙara masa, ka nemi dattawa biyu na bakin ruwan da za su shaida, ka rubuta abin da suka ce da sunayensu. Ba wannan, kuɗin aiki kawai za ka biya.

Saura magana mafi nauyi. Tsohon jirgi a wurinmu ba ya ritaya, hannu yake sauyawa. Mai ƙarfi ya ga ya fara gajiya sai ya sayar wa na ƙasa da shi, wannan ya ci shekara biyu ya miƙa wa wani, har ya isa hannun wanda ba shi da kuɗin gyara, kuma shi ne zai fi yi masa lodi don ya fanshe. Araha ce take kai jirgi mafi rauni ga mashigi mafi talauci, inda mata da yara suke tsallakawa kasuwa da makaranta da biki. A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin katako ya rabe a kogin Neja kusa da Warra, ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, da mutane fiye da ɗari a ciki. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekarar jirgi ya kife a ruwan Bagwai a jihar Kano da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayun 2022, cikin shagalin ƙaramar Sallah, abin ya zo gida, a Mai'aduwa, yawancin waɗanda suka rasu yara ne. Ba duka tsufan jirgi ne ya jawo su ba, akwai lodi fiye da ƙima, akwai tafiyar dare, akwai kututturan da ruwa ya rufe, akwai rashin rigar kariya. Amma jirgi mai ƙarfi yakan yafe kuskure ɗaya ko biyu, wanda ƙusoshinsa suka ƙare ba ya yafe ko ɗaya.

Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ɓoye shi algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano aibin da ya riga ciniki. A Suratul Kahfi ma jirgin da Halliru ya huda na wasu miskinai ne masu aiki a ruwa, aibin da ya sa masa shi ya fitar da shi daga idon sarkin da ke ƙwace jirage masu lafiya. Tun wancan zamani masu jirgi talakawa ne, jirgin shi ne jarinsu duka, shi ya sa ba na ganin adalci a ce wa mutum kawai ya fasa abin cin abincinsa. Amma aibin jirgin fito ya bambanta da na sauran kaya, domin wanda zai cutu ba ya wurin cinikin. Mai saye yana iya cewa ya gani ya yarda, yaran da za su hau ba a tambaye su ba.

Mafita tana cikin lissafin kansa, domin jirgin da ya gama ɗaukar mutane bai zama banza ba. Yana iya komawa ɗaukar ciyawa ko yashi a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Allunansa na sama, waɗanda ba su sha ruwa ba, suna yin ƙyaure da benci, suna kuma yin facin wani jirgin. A 1805 a Sansandin da ke bakin Neja, Baturen matafiyi Mungo Park ya sami kwale-kwale biyu da suka fara ruɓewa, ya yanke wuraren da suka lalace ya haɗa masu kyan, jirgin da ya fito ya kawo shi har ya wuce Yawuri kafin ajalinsa ya same shi a Busa. Kafintocin bakin Neja har gobe suna irin wannan haɗi. Wannan kuɗin katako shi ne ƙasan farashi, kuma mai ƙiyasi mai tsoron Allah, in ya ga cikin jirgi ya mutu, wannan kuɗin zai faɗa, ya kuma faɗi dalili a gaban shaidu, ko da ga wani tsaye yana son ya biya ninkinsa ya sa shi fito.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ba ta da ma'aikatan da za su tsaya a kowane mashigi, kuma ba na zaton za ta samu nan kusa. Wanda yake wurin kullum shi ne Sarkin Ruwa da shugabannin 'yan fito, su suka san kowane jirgi da tarihinsa. Abin da ya rage shi ne a ba su littafi da ƙarfen ƙona lamba. Kowane jirgi a ƙona masa lamba a goshi, a rubuta wanda ya yi shi, shekarar, irin itacen, mutum nawa yake ɗauka, kowane babban gyara, da kowane sauyin hannu da abin da aka sallama. Duk shekara kafin ruwa ya cika a kifa jirage a duba, wanda ya faɗi a ja masa layi a gaban sunansa, daga ranar ba ya ɗaukar fasinja a wannan ruwa ko a hannun wa yake. Ƙaramar hukumar Dutsin-Ma ko ta Jibiya za ta iya fara wannan da kuɗin da bai kai na tayar mota ɗaya ba, malamin gado kuma in ya zo tambaya sai a buɗe masa shafin jirgin.